Walimar Ban Kwana: Yadda Za Ku Sallami Abokiyar Aiki

Maganarmu ta wannan mako a kan sallamar abokiyar aiki ce, watau 'yar walimar nan da akan shirya wa wadda aka yi wa canjin wurin aiki, ko ta yi ritaya, ko kuwa aure zai kai ta wani gari. Da ku muke yi musamman, matan Kalmalo da na sauran garuruwan ƙasar Illela, masu koyarwa a firamare da Islamiyya, da ungozomomi, da masu bi gida gida da maganin rigakafi. Amma wadda ke wani gari ma, in ta karanta ba za ta rasa abin ɗauka ba.

Kin dai san halin aikin gwamnati. Takarda guda daga ofishin Illela ko daga Sakkwato ta isa ta ɗauke wadda kuka shekara biyar kuna cin kwano ɗaya. Wadda takardar canji ba ta ɗauke ba, shekaru za su ɗauke ta, gama ƙa'idar aikin gwamnati ita ce a huta in an cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ko da yake a 2022 gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ga kuma 'yan bautar ƙasa, waɗanda tun kafa shirin a 1973 shekara guda tak suke yi su koma gida. To, tun da rabuwa ba makawa, ya kamata a san yadda ake yin ta.

Abin da muke so ki riƙe tun daga farko shi ne, abu uku ake tara mutane dominsu ran sallama: godiya, da yafiya, da addu'a. Wasa da kiɗa da dariya duk masu hidima ne ga waɗannan ukun. Wasan da ya fi daɗi kuwa shi ne wanda ya fito daga bakinku da hannunku, ya kuma shafi ita mai tafiyar. Ana iya ɗauko mai lasifika da janareto daga Illela, a biya shi kuɗi mai tsoka, ya cika unguwa da ƙara, a watse ba wadda ta ji maganar wata. Waƙoƙin da zai sa su ne ya sa a bikin wance jiya, su ne kuma zai sa a sunan wance gobe. Mai tafiya ba za ta tuna ko ɗaya ba.

Kafin Ranar

Da fari a dubi dalilin tafiyar. Wadda aka ƙara wa girma, ko za ta ɗakin miji, ko ta gama aikinta lafiya, wannan a yi mata guɗa. Amma wadda rashin lafiya ya tilasta wa barin aiki, ko mijinta ya rasu za ta koma gidan iyaye, ko an cire ta ba da son ranta ba, ba a buga mata ƙwarya. A je mata gida ku uku ko huɗu, a yi hira mai sanyi, a ba ta abin da aka tara, a yi addu'a. Kuma ko wace iri ce tafiyar, a tambaye ta tukuna, a kuma bari ta shaida wa maigidanta. Wata kunya gare ta, taro nauyi yake yi mata.

Sa'an nan zaɓen rana. A kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Illela, da Laraba, ranar kasuwar Birnin Ƙwanni, don rabin waɗanda kike so su zo suna da abin saye ko na sayarwa. Alhamis bayan an tashi aiki ta fi, ko Asabar. A sa ta bayan an yi albashi, ba tsakiyar wata ba sa'ad da kowa ke lissafin kwanon gero. A fara bayan azahar, a tsaya a yi la'asar, a watse da sauran rana a sama. Wannan na ƙarshe kada a yi wasa da shi. Mutanen ƙasar nan ba su manta da harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyukan Illela da na Goronyo ba a watan Nuwamba na 2021, saboda haka wadda ta zo daga ƙauye a bar ta ta isa gida kafin magariba. In kuwa lokacin bazara ne, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan haura awo 40, a nemi inuwar dogon yaro, a jera randuna da ruwan sanyi tun da safe.

Maganar kuɗi ita ce ke ɓata irin wannan taro tun ba a yi shi ba. Kada a yanka wa kowa abu guda. Mai shara da shugabar makaranta ba albashinsu ɗaya ba. A zaɓi mace guda mai amana ta riƙe littafi, kowa ta kai mata gwargwadon hali, kada kuma a karanta wa taro wance ta ba da kaza. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo itace, ko ta yi daka, ko ta ara tabarmi, duk gudummawa ce. Abin da aka tara a kasa shi uku, kashi biyu na kyautar mai tafiya, kashi ɗaya na abinci. In aka juya lissafin, an ci walima ke nan an bar baƙuwar taro da hannu biyu.

In kuna aiki tare da maza, kamar hedimasta da maigadi da masinja, a raba zaman biyu. A fara da su a wurin aiki, babba ya yi jawabi gajere, malami ya yi addu'a, a miƙa musu abincinsu, su yi sallama. Daga nan mata su koma tsakar gidan ɗaya daga cikinku, inda za a ajiye mayafi a sake.

Ƙwarya Da Shantu

Kiɗan mata ba ya bukatar wuta ko batir. A sami babban baho a zuba ruwa, a kife ƙwarya a kai, a buga da 'yan sanduna biyu, ita ce mai babbar murya. A kife waɗansu ƙore biyu ko uku bisa tsumma a ƙasa, su ne masu amsawa. In da tsohuwar da ta iya shantu, watau doguwar gorar nan mai huda gaba da baya da ake bugawa a cinya ana toshe bakinta da tafin hannu, a roƙe ta ta zo da shi, don 'yan matan yanzu da yawa ba su taɓa jin sautinsa ba. Kada ki raina wannan kiɗa. Da ƙwarya Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa ta yi suna a duk ƙasar Hausa har ta rasu a 2013, haka kuma Uwaliya Mai Amada ta Kano.

Amma ga inda dabarar take. Kada a tsaya maimaita waƙoƙin da kowa ya sani. Kwana uku kafin ranar, ku zauna ku uku masu baki, ku tsara waƙar mai tafiya da kanku. A sami amshi gajere wanda kowa zai kama nan take, da sunanta a ciki. Sa'an nan kowane baiti ya ɗauki abu guda da ta yi: shekarar da ta zo, ajin da ta riƙe, yarinyar da aka so a cire daga makaranta ta bi iyayen har gida ta roƙa, daren da aka buga mata ƙofa ta fita cikin ruwan sama ta karɓi haihuwa. In ma'aikaciyar rigakafi ce, a tuna mata cewa sa'ad da aka shaida a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka, da sawun ƙafarta a cikin wannan aiki. Yabo da abin da mutum ya yi da gaske ya fi kirarin sarauta shiga zuciya. Mai guɗa ta tsaya kusa, duk inda baiti ya faɗi daidai ta rangaɗa.

In an motsu ana so a yi liƙi, a ajiye faifai a gaban mai tafiya, kowa ta sa abinta a ciki. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira da tattake su a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin wata shida ne ko tarar naira 50,000 ko duka biyu. Ban da doka ma, kuɗin da ya faɗi ƙasa yara ne ke tsincewa.

Kwaikwayo Da Kacici-kacici

Bayan kiɗa sai wasan kwaikwayo, irin wanda yara ke yi da tashe. Ɗaya daga cikinku ta ari mayafin mai tafiya da jakarta da tabaranta, ta shigo da irin tafiyarta, ta yi yadda take kiran suna a aji, ko yadda take lallashin uwar da ta ƙi kawo ɗanta awo. Sauran su zama ɗalibai ko majinyata. Ba abin da ke sa dariya kamar mutum ya ga kansa a jikin wani. Sai dai akwai iyaka, uwargida, ki kiyaye ta. Ana kwaikwayon halin aiki, ba a kwaikwayon halitta. Ba a taɓa maganar haihuwa ko rashinta, ba a taɓa kishiya, ba a taɓa miji, ba a taɓa bashi. In kina shakkar wani abu, ki tambayi kanki, in ni aka yi wa haka gaban mutane, zan yi dariya ko zan haɗiye? In haɗiyewa ce, a bar shi.

Kacici-kacici kuma ku ƙago naku daga kayan aikinku. Ga misali: gonata baƙa, irina fari, in shuka da hantsi in share kafin azahar. Amsa, allo da alli. Ko kuwa: 'yar ƙaya mai sa kuka yau ta hana kuka gobe. Amsa, allurar rigakafi. A raba taro gida biyu, tsofaffin ma'aikata da sababbi. Wadda ta kasa ta ba da gari kamar yadda aka saba, mai tafiya ce alƙaliya, ita ke cewa garin ya isa ko a ƙaro. Za ki ga ana ba da Gwadabawa ana ƙi, ana ba da Ƙwanni ana ciniki.

Akwai kuma wasan da muke kira wa ya fi sanin Malama. Mace guda ta keɓe da ita tun da wuri, ta tambaye ta abu goma: ran da ta fara aiki, garin da aka fara tura ta, abincin da ba ta ci, abin da ya fi ba ta tsoro a makon farko. A taro sai a jefa tambayoyin, wadda ta fi ci a ba ta sabulu ko ɗan kwalin ashana. A nan ne za ku gane kun shekara da mutum ba ku san rabin labarinsa ba.

Wasan Barkwanci

Garin kan iyaka ba ya rasa baƙi, saboda haka da wuya wurin aiki ya rasa abokan wasa. Bafulatana da Babarbariya, Bakanuwa da Bazazzagiya, Bagobira da Bayarbiya, ko taubasai 'ya'yan mace da na namiji, duk al'ada ta ba su izinin tsokanar juna ba fushi. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki abin da daraja ƙwarai, har hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancinsu cikin jerin al'adun duniya abin adanawa a 2014. In mai tafiya tana da abokiyar wasa a cikinku, a ba su fili minti biyar. Ita ce za ta tashi ta ce, to, Allah ya raka taki gona, yau gari zai huta, ta lissafa laifuffukan ƙarya, ta ce sai an biya ta kuɗin shara kafin a bar kaya su fita. Mai tafiya ta rama. Sau da yawa bakin da ya fi tsokana shi ke fara rawa da kuka in an zo rabuwa.

In 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, a tuna yarinya ce da ta bar uwarta ta zo inda ba ta san kowa ba. A sa ta yi jawabi da Hausar da ta koya, a yi dariya tare da ita, a tafa mata. A ɗaura mata zane da kallabi irin namu, a sa mata lalle tun daren jiya in tana so, ita kuma ta koya muku wata rawa ko wani girki na garinsu. In ba Musulma ba ce, a yi mata fatan alheri da kalmomin da za ta iya amsawa da amin. Abin da ta gani a Kalmalo shi za ta ba da labari a Ibadan ko Inugu har tsufanta.

Ci Da Sha Da Kyauta

Abinci kada ya fi ƙarfinku. Masa da miya, ko dambu da zogale, da fura da nono mai sanyi, da soɓorodo, sun isa. A keɓe ƙullin guzuri na abin da ba ya lalacewa a hanya, kamar kilishi da alkaki da ƙuliƙuli, da 'yar jakar albasa, don duk inda ta je ba za ta sami irin ta wannan yanki da araha ba.

Wajen kyauta, a tuna da abin da ya faru a ƙasar nan tun kafin a san makarantar boko. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, tana koyar da mata, tana tura su ƙauyuka su koyar da waɗansu. Shugabar kowane ayari ana ce da ita jaji, in za a naɗa ta kuwa Nana kan ba ta malfa ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Malfa ba abin tsada ba ce, amma duk wanda ya ga mace da ita ya san ko wace ce, ya san kuma wa ya aiko ta. Irin wannan kyauta za ku nema, wadda ke faɗin inda ta fito. Jakar hannu ko matashi na jar fatar akuyar Sakkwato, wadda tun zamanin fatake ake kai ta ƙetaren hamada har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ta fi kwalin kofunan gilashi da za su fashe kafin a kai Gwadabawa. A haɗa da littafin rubutu sabo, kowace abokiyar aiki ta rubuta layi biyu da boko ko da ajami, wadda ba ta rubutu ta faɗa a rubuta mata, ɗalibai su sa sunayensu a baya.

Wayar hannu ma tana da amfani a nan. Tun da mako guda a nemi waɗanda suka yi aiki da ita suka bar garin, da ɗalibanta da aka aurar Ƙwanni ko Tawa, kowa ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, a kunna mata a taro. An rufe iyakar Illela daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kowa ya ga yadda ziyarar da ake yi da safe a dawo da yamma ta gagara. Saboda haka a karɓi lambar juna, kada a dogara da cewa ai nan da nan ne. Amma hoto da bidiyo, ba a ɗauka sai da izini, ba a kuma sa matar mutum a Facebook tana rawa ba mayafi. Rawar minti ɗaya ta sha jawo wa mace fitinar shekara.

Yafiya

Yanzu mun zo ga abin da aka taru dominsa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu magana. Ba yadda za a yi a shekara ana aiki tare ba a taka sawun juna ba. Abin da ya shafi kuɗi a gama shi a ɓoye kafin ranar: zubin adashi da ya rage, kuɗin atamfar da aka ɗauka bashi, makullin kabad da rajistar da za a miƙa wa mai gado. Uwar adashi ta zauna da mai tafiya su tsai da yadda za ta ci gaba da zubi ko a ba ta kwasarta. In da wadda ba sa ga maciji da juna, babbar cikinku ta haɗa su a ɗaki tun da safe. Tsakar taro ba wurin tone-tone ba ne.

Bayan la'asar a kife ƙwarya a ajiye sanduna. Wadda ta fi kowa shekaru ta fara, ta ce, Malama, mun zauna da ke shekara kaza, abin da muka yi miki da sani da wanda ba mu sani ba, ki yafe mana, mu mun yafe miki duniya da lahira. Sauran su bi, daga babba har mai ɗebo ruwa, kowa kalma biyu. Sa'an nan a ba mai tafiya fili, ita ce mai magana ta ƙarshe. In kuka ya ci ƙarfinta kada a matsa mata, a bar ta, an ji. A rufe da addu'a, Allah ya kai ta lafiya, ya haɗa ta da abokan zama na gari, ya sa wadda za ta gaje ta ta zama alheri.

Ran tafiya kuma kada a bar ta ta ja kaya ita kaɗai. Ku biyu ko uku ku raka ta tasha, ku tsaya har mota ta tashi. Bayan mako guda wata ta buga waya ta ji yadda ta sauka, bayan wata guda wata ta sake bugawa, gama zumunci a ƙafa yake, in ƙafa ta gaza murya ta isa.

To, 'yan'uwa, ku gwada wannan a sallama ta gaba. Wadda garinsu ke da wani wasa da ba mu ambata ba, ta rubuto mana mu sanar da sauran mata. Allah ya bar zumunci, ya sa mu rabu da kowa lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.